Hilux ɗin da ta kife: a gyara ko a sayar a sayi wata?

Salam ɗan'uwa, jaje da farko, Allah ya kiyaye gaba, tunda direba da yaron mota sun fita lafiya ai alhamdulillahi. Na ga tambayarka, Hilux Vigo ta 2010 ta kauce ma shanu wajen Figil kan hanyar Garwa zuwa Marwa ta faɗa rami ta kife, mai gareji ya ce miliyan 3 na sefa zai tada ta, wani kuma ya taya ta miliyan 2 da rabi yadda take, kana son sanin wanne ya fi.

Ni kam kafin ai zancen kuɗi sai an shiga ƙarƙashin motar tukuna. Hilux bodinta daban shasinta daban, shasi shi ne ƙashin bayan mota na ƙarfe da ke ƙasa, ɗora bodin akai a kansa aka ɗaure da noti, shi ya sa za ka ga rufi ya lotse gilas ya watse ƙofofi sun maƙale mutum ya ce ai ta mutu, alhali in shasi na miƙe duk wannan aikin mai bugun bodi ne da mai fenti. Wata kuma bodi tas amma ƙashin baya ya karye. To a ɗaga ta, a wanke taɓo, a ɗauko mita a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, dole awon biyu su zo daidai. Duba kuma tsakanin kabin da akwatin baya ko wani gefe ya fi buɗewa, da inda fenti ya ɓare ƙarfe ya tattare musamman wajen da sifirin ya kama.

In shasi lafiya lau, gyara ya fi, ba ko shakka. Ka san injinka, ka san wanda yake mata juye da man da take sha, kuma in injin 2KD ne mai lita 2.5 ai duk bakaniken da ke Garwa ya san cikinsa. Kaya ma ba wuya, wanda babu a nan sai a aika Yola ko Mubi ko Ƙofar Ruwa a Kano. Takardunka na hannunka da sunanka, ba kuɗin duwan wato kwastan, ba mutasiyon wato canza suna a takarda. Amma fa kar ka ɗauki miliyan 3 ɗin nan a baki, gyaran motar da tai hatsari ciki gare shi, sai an buɗe ake ganin lagireto ya fashe, sitiyari ya lanƙwashe, fon na baya, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya goce. A rubuta ma komai a takarda, wanne sabo wanne na hannu, kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban. Sannan ka tambayi direba tsakani da Allah minti nawa inji yai yana aiki bayan ta kife, don in ruwa ya tsiyaye ko mai ya bar wurinsa kulas wato kan inji na iya ƙonewa, kuma kar kowa yai mata ki sai an tabbatar mai bai hau kan fistin ba.

In kuwa shasi ya tanƙware har ya tattare, wallahi ka haƙura da ita. Abin ya same ni, ba labari aka ban ba. Wani gareji suka ce za su miƙe min tawa, suka gasa ƙarfen da wuta suka ja da sarƙa sukai walda, fenti yai kyau na ji daɗi, wata biyu ba ai ba tayar gaba ta cinye gefe ɗaya, mota na tafiya a karkace, ana fara ruwa kuma na bi hanyar Mora zuwa Dabanga da lodin albasa sai ga tsaga kusa da waldar nan. Ƙarfen da ya sha wuta ba ya komawa da ƙarfinsa, kuma kai kaya za ka ɗora mata da mutane a sama ranar kasuwar Pitowa, rayuka ne fa. Wasu za su ce a canza shasin gaba ɗaya, to lambar shasi ce a kart giriz, takardar rajistar mota, in ba a bi hukuma an gyara takarda ba duk shingen jandarma da wajen bizit inda ake duba lafiyar mota sai ka sha bayani.

Ɓangaren sayen wata shi ma ba hutu ba ne. Miliyan 2 da rabi da za a ba ka, haɗa da 3 na gyara, sai ka zagaya ka ji nawa ake cewa Vigo mai lafiya yau, cikon shi ne ainihin abin da za ka kwatanta. Wadda ta shigo ta Duwala ka ga takardar duwan da idonka, wadda ta biyo ta Najeriya da araha sau da yawa kuɗin duwan na nan na jiranka. Kuma ita ma ka shiga ƙarƙashinta ka auna, ba mamaki wani ne ya kifar da ita akai mata kwalliya. Kar ka yi kwaɗayin Hilux Revo don sabuwa ce, ta 2015 zuwa sama lantarki ya fi yawa kuma ba ta son gurɓataccen gazuwal wato man dizal. Amfanin saye dai shi ne gobe kana kan hanya, ita kuwa ta gareji tana iya cinye ma kakar albasa gaba ɗaya tana jiran ƙofa ɗaya.

Maganar asirans wato inshora, in irin wadda yawancinmu muke yanka ce ta dole, wanda ka buge kawai take biya, motarka ba ta ciki. In tu risk ce, wadda ke biyan har ɓarnar motarka, kar a taɓa ko noti ɗaya sai gwaninsu ya zo ya gani, ka riƙe konsta wato rahoton hatsari na jandarma da hotuna.

Abu ɗaya da ya tsaya min, wanda ya taya ta miliyan 2 da rabi da sauri haka ina zaton ya leƙa ƙasa ya ga abin da ya kwantar mai da hankali, inji da bwat wato giya kaɗai ma kuɗi ne. Kar ka sallama mai yanzu. Nemi wani bakanike daban wanda ba shi zai gyara ba, ba shi zai saya ba, ka biya shi kuɗin awo kana tsaye, sai ka turo min awon biyu da hoton wajen sifirin in gani.