Madubin Hangen Nesa Mai Milimita 130: Abin da Ya Nuna Mana a Sararin Sakkwato

Ni malamin Fiziks ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato, kuma na sayi wannan madubin hangen nesa ne domin ɗalibaina su ga inda ake haihuwar taurari da idonsu, maimakon su tsaya ga zanen da nake yi musu a allo. Faɗin babban madubinsa milimita 130 ne, ya zo da gilasan ido biyu da ƙafafu uku. Haɗa shi bai ba ni wahala ba. Sai dai ƙafafun ba su da ƙwari, iska kaɗan tana sa hoton ya riƙa rawa, har sai da na rataya jakar yashi a tsakaninsu.

A lokacin hunturu taurarin Orion suna hawa tsakiyar sama da farkon dare, amma a daidai lokacin ne hazo yake rufe mu. Dare biyu muka yi asara a cikin gari. A na uku, da hazon ya lafa, muka fita wajen Kware inda hasken lantarki bai kai ba, kuma a can ne madubin ya biya kuɗinsa. Gajimaren Orion, wato tarin gas da ƙura inda ake haihuwar taurari, wanda haskensa yake shafe kimanin shekara 1,350 kafin ya iso gare mu, ya bayyana kamar toka-tokan hayaƙi, da taurari huɗu manne da juna a tsakiyarsa. Ba za a ga launukan da ke cikin hotunan intanet ba, kuma ya kamata mai saye ya san haka tun kafin ya biya.

Abin da na fi so ɗalibai su fahimta shi ne feshin gas da jaririn tauraro yake yi, kuma a nan ƙarfin madubin ya ƙare. Idan dunƙulen gas da ƙura ya ruguzo cikin kansa, yakan zama faifai mai juyawa yana ciyar da tauraron, sannan ƙarfin maganaɗisu ya kwashi wani kaso ya harba shi ta sama da ta ƙasa da gudun da ya kan haura kilomita 100 a daƙiƙa. Wannan feshin yana rage wa faifan ƙarfin juyi, wanda hakan ke ba sauran gas damar faɗawa cikin tauraron, kuma yana huda kogo a gajimaren da ya lulluɓe shi. An daɗe ana ɗauka cewa kogon yana ta faɗaɗa har ya yanke wa tauraro abincinsa, domin kusan kashi 30 cikin ɗari kawai na dunƙulen ne yake zama tauraro. Amma a 2021 masana a Jami'ar Toledo ta Amurka suka bincika jariran taurari 304 a yankin Orion da bayanan madubin hangen nesa na sararin samaniya, wato Hubble da Spitzer da Herschel, suka tarar kogunan ba sa girma a kai a kai kamar yadda aka zata. Wannan bincike ya burge ni ƙwarai, musamman da yake yankin da muke kallo daga Kware ne aka yi shi a kai.

Feshin kansa ya yi wa madubi irin wannan dishi-dishi, yawancinsa ma ƙura ta ɓoye shi. Dabarar da na yi ita ce, bayan kowane ɗalibi ya leƙa, sai in nuna masa a waya hoton HH 211, wato feshin wani jaririn tauraro, da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauka daga sararin samaniya, wanda aka fitar a Satumbar 2023, inda feshin biyu suka fito fili. Tambayoyin da suka biyo baya sun fi na kowane darasi da na yi a aji.

Ina ba makarantu shawarar sayensa, da sharaɗin su tanadi ƙafafu masu ƙwari da murfin da zai kare madubin daga ƙurarmu, su kuma ɗauki nauyin fitar da ɗalibai bayan gari.