Kasuwar bindiga a Texas da abin da masu zuwanta ke nema

Wani Bature da muke aiki tare a Houston ya daɗe yana matsa mini in raka shi kasuwar baje kolin bindigogi da ake ci a ƙarshen mako a garin Pasadena, wanda ke gefen birnin, har dai wata Asabar na amsa masa. Ba sayayya ta kai ni ba, domin ni ko bindigar toka ta 'yan bindigar Sarki da ake harbawa a hawan sallah ban taɓa riƙewa ba. Na je ne in ga da idona abin da 'yan uwa a gida suke yawan tambayata a waya, wato ko da gaske ne a Amurka ana shimfiɗa makamai a kan tebur ana ciniki da rana tsaka.

Da gaske ne. Ana biyan kuɗin shiga kamar dala goma, a buga wa mutum hatimi a bayan hannu, sannan ya wuce ta gaban teburin 'yan sanda. Duk wanda ya zo da bindigarsa daga gida, ko don ya sayar ko don ya yi musaya, sai ya miƙa ta an duba an tabbatar babu harsashi a ciki, a zura mata wata igiyar roba mai ƙarfi a ɗaure ta yadda ba za ta iya tashi ba. Bayan haka sai zaure mai faɗi cike da tebura jere-jere, da dattawa masu farin gemu, da samari, da mata masu tura jarirai a keken yara.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a gaban teburin wani dillali mai lasisi. Wani mutum da zai kai shekara hamsin ya zaɓi doguwar bindigar farauta, suka daidaita a kan farashi, ya zaro kuɗinsa a hannu ya ajiye. Dillalin ya ba shi takardar da hukumar kula da makamai ta ATF ta wajabta cikewa, wadda ake kira fom mai lamba 4473, ya karɓi lasisin tuƙinsa, ya shigar da bayanan a kwamfuta zuwa rumbun binciken da hukumar FBI take gudanarwa. Yawancin masu saye a cikin 'yan mintuna amsarsu take fitowa, amma shi wannan sai aka ce a dakata. Mutumin ya yi rantsuwa cewa bai taɓa kwana a hannun hukuma ba, ya ce daga nesa ya zo, ya ce wataƙila sunansa ne ya yi daidai da na wani mai laifi. Daga ƙarshe ya ɗora wasu kuɗin a kan na farko, ya tura su gaban dillalin. Dillalin ya mayar masa da su, ya ce: "Yallaɓai, lasisina shi ne abincin 'ya'yana. Ka bar lambar wayarka, in an sake ka zan kira ka ka zo shago ka ɗauka." Ya ɗauke bindigar ya sa a ƙarƙashin tebur, ya juya ga wanda ke biye.

Na daɗe a tsaye a wurin ina kallo. Babu jami'in hukuma a kansa, babu wanda ya san me aka ɗora a kan me in ba mu da ke kusa ba, kuma mai sayen bai yi kama da mai mugun nufi ba. Abin da ya hana dillalin karɓar kuɗin shi ne ya san takardar nan za ta zauna a ajiye a wurinsa, ya san kowace bindiga tana da lambarta, kuma ranar da aka tsince ta a wurin da aka yi kisa za a bi sawunta daga masana'anta zuwa babban dila har a iso kan teburinsa. Tsarin binciken ya samo asali ne daga dokar Brady ta 1993, ya fara aiki a 1998, kuma dokar tarayya ta haramta sayarwa ga wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda kotu ta samu da laifin dukan iyali, da wanda ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba ƙaramar bindiga, doguwa kuwa sai mai shekara 18. Baƙo mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai a wasu 'yan yanayi kamar in yana da lasisin farauta.

A nan ne takaici ya kama ni game da gida. A kan takarda dokar Nijeriya ta fi ta Amurka tsanani nesa ba kusa ba, domin dokar makamai ta 1959 ta ce manyan bindigogi sai da izinin Shugaban Ƙasa, na kare kai da farauta kuma sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Amma duk wanda ya fito daga Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato ya san a hannun wa AK-47 take, kuma ya san ba takarda aka cike kafin ta isa daji ba. Mu ne muke ganin wanda ya ƙi karɓar na goro a matsayin marar wayo ko marar mutunci, mu ne muke neman wanda ya san wani ya sa mana baki a duk inda aka ce a dakata, sannan mu dawo muna mamakin yadda makami yake ratsa shingen bincike goma a cikin buhun gero.

Sai dai yabon da nake yi a zuci bai yi nisa ba. Layi biyu kacal daga wancan teburi na ci karo da wani saurayi yana yawo da doguwar bindiga a rataye a kafaɗa, ya soka wani tsinke a bakinta da 'yar takarda mai ɗauke da farashi. Abokina ya ce wannan ba dillali ba ne, mai kaya ne yake sayar da kayansa, kuma a jihar Texas doka ba ta tilasta masa ya binciki kowa ba, muddin mai sayen mazaunin jihar ne kuma ba shi da dalilin zaton an haramta masa riƙe makami. Wato mutumin da aka ce ya dakata yana iya takowa nan ya miƙa kuɗi ya fita da bindiga ba tare da ya rubuta ko sunansa ba. Jihohi irin su California da Colorado sun toshe wannan ƙofa, sun ce kowane ciniki sai da bincike, amma Texas ta bar ta a buɗe, har ma tun 1 ga Satumba 2021 ta ƙyale mafi yawan manya su riƙa yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba.

Su kuwa masu zuwa kasuwar, ba wannan muhawara ce take kawo su ba. Abu na farko da suke tsammani shi ne araha, kuma shi ne abu na farko da suke kokawa a kai. Duk inda na tsaya sai in ga mutum ya zaro waya yana duba farashin intanet, yana gunaguni cewa teburin ya fi shago tsada, bayan ga kuɗin shiga ga na ajiye mota, wasu dillalan ma sukan ɗora wani abu a kan wanda zai biya da kati. Saboda haka gogaggun cikinsu da tsabar kuɗi suke zuwa, kuma sukan jira yammacin Lahadi lokacin da mai kaya ba ya son sake loda kayansa a mota. Ana taya kaya a nan, abin da ba a yi a mafi yawan shagunan Amurka, amma tayin nasu babu armashi. Mutum zai faɗi farashi sau ɗaya, a rage masa ɗan abin da ba a rasa ba, shi ke nan, babu gaisuwa mai tsawo, babu albarka, babu tafiyar da ake yi don a kira mutum ya dawo.

Abu na biyu shi ne taɓa kaya. Mutum yana son ya ɗauki bindiga iri-iri ya ji nauyinsu a hannunsa, abin da hoton intanet ba ya bayarwa, kuma akwai ladabin da kowa yake kiyayewa: a nemi izini kafin a ɗauka, kada a saita bakinta ga mutum ko da babu komai a ciki, kada a ɗora yatsa a kan kunama. Wasu harsashi kawai suke zuwa saye kwali-kwali, suna jan sa a amalanke. Wasu kuma tsofaffin kaya suke farauta, bindigogin yaƙin duniya na biyu da takubba da lambobin soja, kuma irin waɗannan su ne suke ɗaukar hanya har Tulsa a jihar Oklahoma, inda ake cin babbar kasuwar Wanenmacher sau biyu a shekara da tebura fiye da dubu huɗu. Korafinsu na kullum shi ne teburan da ba na bindiga ba sun yi yawa, na wuƙaƙe da riguna da zobba da busasshen nama. Naman na ɗanɗana, kuma in da mai kilishi ɗaya daga Agadasawa zai kafa teburi a wannan zaure da ya tashi kasuwarsu kafin azahar.

Akwai abin da ya ɓata mini rai wanda ba zan ɓoye ba. A wasu tebura ana sayar da tutar 'yan Kudu masu kare bauta a yaƙin basasar Amurka, da kayan sojan Nazi da sunan tarihi, da riguna masu rubutun izgili ga baƙi. Babu wanda ya faɗa mini baƙar magana, hasali ma wani dattijo ya ɓata lokacinsa yana nuna mini yadda ake kwance bindigar farauta ana goge ta, amma Musulmi baƙar fata da ya tsaya a gaban irin waɗannan riguna ba ya bukatar a fassara masa su. Na ce wa abokina ƙasar da aka kiyasta a 2017 cewa tana da bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula, fiye da yawan mutanenta, kuma harbi ya kashe mutum fiye da dubu 48 a cikinta a 2021, sama da rabinsu su ne suka kashe kansu, ya kamata ta ɗan ji nauyin wannan biki. Na tuna masa da yara 19 da malamai biyu da aka kashe a wata makaranta da ke garin Uvalde na jihar Texas a watan Mayun 2022, kuma yaron da ya yi kisan ta hanyar da doka ta yarda ya sayi bindigoginsa, ya cike takarda, bincike ya wanke shi. Ya ce haƙƙinsu ne da gyara na biyu na tsarin mulki ya tabbatar tun 1791, kuma shi barewa kawai yake harbi.

Da na ba wa yayana labari a waya, bai tsaya jin zancen takarda ba. Ya tuna mini cewa a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, kuma kafin nan Gwamna Masari ya faɗi irin haka a Katsina, sannan ya tambaye ni ko zan iya sako masa guda ɗaya a cikin motar da ake turowa ta jirgin ruwa. Na ce masa: "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ɗauri ne a nan, ɗauri ne a can." Ya ce to shi da yake kwana da ido ɗaya a buɗe saboda gonarsa tana bakin daji, wane ofishi zai je ya cike tasa takardar, kuma kwana nawa za a ce ya dakata.