Monita mai faɗi ta aiki da gem: wacce ta cancanci kuɗinka

In ka tambaye ni kai tsaye, ba zan tsaya zagaye-zagaye ba: monita mai inci 27, mai ɗigon hoto 2560x1440, nau'in allonta IPS, kuma tana kaiwa 144Hz ko 165Hz, wato sau nawa take sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Ita ce zaɓina, kuma yanzu ta sauko daga sahun kayan masu hali, kusan duk manyan kamfanoni irin su AOC, LG, Gigabyte, MSI da Acer suna da nasu samfurin mai sauƙin kuɗi.

Abin da ya sa na nace a kanta shi ne rubutu. Mutane suna zuwa sayen monita da gem a ransu, alhali yawancin awoyin da za su yi a gabanta aiki ne, Word ne, Excel ne, karatu ne a intanet. To a inci 27 mai 1440 ɗin nan, ɗigo wajen 109 ne a kowane inci, haruffa su fito tsaf kamar an buga su a takarda, ka buɗe shafi biyu gefe da gefe kowanne ya ishe ka karantawa ba sai ka matso da fuska ba. Girman inci 27 ɗin amma mai 1920x1080 kuwa ɗigo wajen 82 ne kacal, sai ka ga gefen haruffa ya yi tsaki-tsaki, girma ne kawai babu kaifi, ni dai ba na ba kowa shawarar wannan. IPS kuma amfaninta kala ba ta canjawa ko daga gefe kake kallo, wanda yake gyaran hoto ko bidiyo ya san darajar haka. Aibinta ɗaya, baƙinta ba ya yin baƙi ƙirin, in ka kashe fitila sai ka ga ya koma toka-toka musamman ta kusurwa. Da rana ko a ɗaki mai haske ba za ka ma lura ba.

Sai dai fa ka duba katin girafik ɗinka, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoton, kafin ka ɗauko ta. 1440 ta fi 1080 yawan ɗigo da kusan kashi 78 cikin 100, duk wannan nauyin a kan katin yake sauka, in mai rauni ne gem zai dinga sarƙewa kana zagin monita alhali ba ruwanta. Wanda katinsa ƙarami ne ya sayi inci 24 mai 1080 da 144Hz ya huta, ita ce mafi arha cikin waɗanda za a iya kira masu kyau.

Ban da IPS akwai wasu nau'o'in allo, VA da TN. VA tana da baƙi mai zurfi, ta yi daɗin kallon fim da dare, amma masu arhanta suna jan inuwa a bayan duk abin da ya yi gudu a wuri mai duhu. TN ta wuce zamaninta. 4K kuma, wato wacce ta fi 1440 yawan ɗigo, mai arharta galibi 60Hz ce, ta aiki ce kawai.

Monita mai faɗi sosai, wacce ake kira 21:9, ita ce ke ruɗar mutane a hoto. Mai inci 34 da 3440x1440 tana da kyau, ba musu, amma ta fi tsada kuma ta fi cin kati. Ƙaramarta mai inci 29 kuwa tsayinta bai wuce na monita mai inci 23 ba, faɗi kawai aka ƙara mata. Kuma PS5 da Xbox ba sa cika irin wannan allo, baƙin fili za ka gani hagu da dama.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, nan ne nake so ka buɗe ido sosai. An taɓa sayar min da wata da aka rubuta Full HD ɓaro-ɓaro a kwalinta, ashe siginar 1080 kawai take karɓa, ainihin allon 1366x768 ne, tana matse hoton ta nuna maka shi dishi-dishi. Tun daga nan ba na yarda da kwali, ba na yarda da bakin mai saida kaya. Lambar samfurin da ke bayan monitar nake dubawa, in shiga shafin kamfanin da kansa in ga me suka rubuta, in lambar ba ta fito a ko'ina ba to a kai kasuwa. Haɗa ta da laftof a gaban mai kayan, shiga saitin nuni na Windows, can za ka ga girman da take bayarwa da kuma Hz nawa take iya kaiwa. Wata za a ce 165Hz amma sai ta ramin kebul na DisplayPort take kaiwa, ramin HDMI ɗinta tsoho ne, kai kuma laftof ɗinka HDMI kaɗai gare shi, ka ga an sayar maka da abin da ba za ka mora ba. Af, ko monitar ta gaskiya ce, Windows kan bar ta a 60Hz sai ka shiga ka ɗaga da hannunka, mutane da yawa suna shekara a haka ba su sani ba.

Lambobin kwalin ma rabinsu ado ne. 1ms ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe sau da yawa MPRT ne, wato sai an kunna wani yanayi da ke rage hasken allo ake samunsa, ba saurin canjin ɗigon ba ne na yau da kullum. Kwantiras, wato tazarar da ke tsakanin fari da baƙin allo, na miliyan ɗaya ko fiye shi ma zance ne, na gaske a IPS bai cika wuce 1000:1 ba, VA wajen 3000:1. HDR, wato fasahar ƙara wa hoto haske da kala, a monita mai arha kada ka ƙara ko sisi saboda shi. FreeSync kam yana da amfani don yana hana hoto tsagewa, kuma tun 2019 katunan Nvidia ma suna aiki da shi ta DisplayPort, ba dole sai ka biya kuɗin G-Sync, wato irinsa na Nvidia, ba.

Sannan akwai tsohuwa da ake gogewa a saka a sabon kwali a ce dal ce. Duba ramukan kebul da kan sukurori ko akwai alamar an taɓa su, lambar siriyal ta kwali ta yi daidai da ta jikin monitar. Ka buɗe fari zalla ya cika allon, sai baƙi, ja, kore, shuɗi, kana neman mataccen ɗigo ko tabo ko haske mai ɓullowa ta gefe, don wasu kamfanonin ba sa canja maka saboda ɗigo ɗaya ko biyu ko da garanti a hannunka. Mai kayan da ya ce ba a kunnawa sai an biya, ko ya ƙi rubuta lambar siriyal a rasit, ka ba shi kayansa.

Ƙafar monita masu arha yawanci ba ta hawa ba ta sauka, sunkuyawa kawai take. Ka leƙa bayanta ka tabbatar akwai ramuka huɗun nan na VESA, 100x100 ko 75x75, in wuyanka ya fara ciwo daga baya sai ka sayo mariƙi ka ɗaura ta.