Switch, 3DS ko Vita: wacce za ka saya in faci kake son sa wa wasanni?

Samarin Agege da Idi-Araba da yawa in sun shiga Computer Village a Ikeja, tambaya ɗaya suke yi wa mai shago kan na'urar wasa: an buɗe ta, wato an cire mata takunkumin kamfani? Wannan ba ta isa ba. Fara sanin wasan da kake son canzawa, ko fassara za ka sa masa, ko sabbin riguna, ko gyaran hoto (fayil ɗin da ke kawo irin wannan canjin shi ne faci), sannan ka nemi na'urar da za ta ɗauka.

Switch ce kowa ke hari, kuma a nan aka fi cutar mutane. Wadda ta fito a 2017 zuwa tsakiyar 2018 tana da ɓaraka a cikin guntun Tegra X1, ƙwaƙwalwar na'urar, ana buɗe ta ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba: a zura wani ɗan ƙarfe a layin da ake maƙala Joy-Con (abin riƙewa) na dama, sai a tura mata Atmosphère, manhajar da ke ba ta damar ɗaukar faci. Lambar da ke ƙasanta ce za ta gaya maka ko tana cikin waɗannan, ka duba da idonka kafin ka ciro kuɗi. Matsalarta, duk sanda ta mutu gaba ɗaya sai an sake tura mata ta waya ko kwamfuta, kuma batirinta ba ya jimawa. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta 2019 mai jan kwali, da Lite, da OLED ta 2021, duk sai an yi musu walda an dasa guntu. In mai gyaran bai ƙware ba, ka yi asarar na'ura sukutum. Facin kansa ba wuya, a jakar atmosphere/contents ake zuba shi ƙarƙashin lambar wasan. Amma ka hau intanet da shi, Nintendo na iya toshe na'urar har abada, shi ya sa ake raba mata emuMMC, wato kwafin tsarin na'urar na daban, a kan katin ajiya.

Ni dai ga sabon shiga, 3DS nake zaɓa. Kowace iri ana buɗe ta ba walda, Luma3DS, manhajar da ake sa mata in an buɗe ta, na da wurin kunna faci a cikin saitinta, ka ajiye fayil a luma/titles shi ke nan. Tunda an rufe eShop ɗinta, shagon Nintendo na intanet, a Maris 2023, an kuma kashe wasan intanet a Afrilu 2024, fargabar toshewa ta ragu ƙwarai.

Vita ta masu son wasannin Japan da aka fassara ce. Wata 'yar manhaja mai suna rePatch ke yin aikin, wasan asali na nan ba a taɓa shi ba. Katinta na Sony tsada gare shi, ka tambaya ko da SD2Vita a ciki, abin da ke ba ta damar ɗaukar katin microSD na yau da kullum. Ka kuma lura da yanki a farkon lambar wasan: PCSE ta Amurka, PCSB ta Turai, PCSG ta Japan. Facin wata ba ya hawa wata.

Katin ajiya kuwa, na jabu sun cika kasuwa, a rubuta 256GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Gwada shi da manhajar kwamfuta H2testw, ka tsara shi a tsarin ajiya na FAT32, don tsarin exFAT kan lalata fayiloli a Switch. 'Yar kwatano ce ko sabuwa, ka ce wa mai shago, Malam, kashe ta ka kunna a gabana, ka buɗe wasa ɗaya mai faci in gani.