Dunƙulen shamfu mai tauri: na soda ko na garin SCI?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya. Ta haɗa shamfu na dunƙule, ya fito daga mazubi gwanin kyau, amma kafin sati ya zagayo ya caɓe a banɗaki, har yatsa na nutsewa a ciki. Tana son sanin wanne ya fi riƙe jikinsa, wanda ake yi da kostik soda ko wanda ake yi da garin SCI, da kuma inda gyara yake.

'Yar'uwa, abubuwa biyu ne suke amsa suna ɗaya. Na soda sabulu ne tsantsa: mai da soda suka haɗu suka rikiɗe. Na SCI kuwa ba sabulu ba ne, garin sinadarin wanki ne da aka samo daga man kwakwa, aka ɗaure shi da kitse mai tauri aka danne. Abin da ke ba kowanne ƙwari daban ne, shi ya sa maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Taurin na soda yana zuwa ne daga irin man da kika zaɓa, sai kuma haƙuri. Man da ke daskarewa da kansa, irin su man kwakwa, tataccen manja, man kaɗe da man koko, shi ke ba da ƙwari. Man da ke zama ruwa-ruwa, musamman man zurma, laushi yake kawowa. Ga haɗin da ke tsayawa, a kan mai giram 500: manja 150, man kwakwa 125, man zaitun 100, man kaɗe 75, man zurma 50. Soda giram 70, ruwa giram 140. Wannan awon yana barin kusan kashi 5 cikin 100 na man bai zama sabulu ba, shi ake kira rarar mai, don kada ya busar da gashi. Kina sauya mai ɗaya da wani, awon soda ya sauya ke nan, domin kowane mai da yawan sodar da yake ci: giram 100 na man kwakwa na cin wajen giram 18, na man kaɗe kuwa bai cika 13 ba. Da sikeli ake wannan aiki, ba da kofi ba.

Ki sa safar hannu da tabarau. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma kada tukunyar alminiyam ta kusanci wurin, soda na cin ta. Ruwan zai ɗauki zafi nan take. Ki bari shi da man su sauko wajen digiri 40, ki haɗa, ki buga da blenda ta hannu har in kin ɗiga kaɗan a sama ya bar sawu kafin ya nutse. Ki juye a mazubi, bayan awa 24 zuwa 48 ki cire ki yanka.

A nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Sabulun da aka yanka yau yana da tauri a hannu, amma cikinsa cike yake da ruwa. Sai ya yi sati 4 zuwa 6 a jere a wuri mai iska, da tazara tsakaninsu, ana juya su. Hanyar gane ya nuna mai sauƙi ce: ki ware guda ɗaya ki riƙa auna shi duk sati, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya isa. Wanda aka kai banɗaki a sati na biyu, komai kyan haɗinsa, narkewa zai yi. In kuwa ya cika sati shida har yanzu yana danƙo, ɗaya cikin uku ne: man zurma ya haura kashi 10, ko rarar mai ta wuce kashi 8, ko an cika ruwa. Ƙaramin cokali ɗaya na sodiyam laktet (wani ruwan sinadari mai ƙara wa sabulu tauri) a cikin ruwan sodar da ya huce yana taimakawa, haka ma rabin cokali na gishiri da aka narkar a ruwan kafin a zuba soda. Taimako ne dai, ba ya gyara haɗin da ya karkace tun daga tushe.

Na SCI babu ruwansa da jiran sati shida, babu kuma soda. Abokin gabarsa ɗaya ne: danshi. Ga awon giram 100: garin SCI 62, ruwan betayin (sinadarin wanki mai sa kumfa) 12, setil alkohol 7, sitiyarik asid (farin kitse mai tauri) 5, BTMS-50 (sinadarin laushin gashi mai kama da kaki) 5, man koko 5, farar laka ta kawolin 2, turare 1, sinadarin hana lalacewa 1. (Kada sunan setil alkohol ya tsorata ki, ba ya da alaƙa da abin sa maye, wani farin kitse ne mai kama da kakin kyandir.)

Ki fara sa takunkumi, domin ƙurar SCI ta fi gari tashi, tana shaƙe mutum ta sa tari. Ki kwaɓa garin da betayin a kwano, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi. A wani kwanon ki narkar da setil alkohol, sitiyarik asid, BTMS-50 da man koko. Sitiyarik ba ya narkewa sai wajen digiri 69, don haka ki kai 70 zuwa 75, in ba haka ba, za ki ga fararen tsakuwoyi a cikin dunƙulen. Ki haɗa su biyun da zafinsu, ki zuba lakar, ki cuɗa. Zafi ya sauko ƙasa da 50, sai turare da sinadarin hana lalacewa. Abin da ya kamata ki gani a hannunki shi ne kwaɓi mai kama da damammen yumɓu: in kin dunƙula ya riƙe sawun yatsunki, bai manne a safar hannu ba, bai kuma wargaje ba. In yana zubowa daga cokali, an riga an yi kuskure.

Sannan dannewa. Ba zubawa ake yi ba, cusawa ake yi kaɗan-kaɗan ana dannawa da gindin kofi da iya ƙarfi, domin duk ramin iskar da ya rage a ciki ɗakin ruwa ne gobe. Minti 30 zuwa awa ɗaya a firiza, ki cire daga mazubi, ki shanya kwana 3 zuwa 5.

Me ke caɓe shi? Betayin ɗin nan da ake gani kamar sinadari zalla, kusan kashi biyu cikin uku nasa ruwa ne, wato giram 12 ya riga ya shigo da ruwa wajen giram 8. Mai haɗi ta ga kwaɓin ya yi mata tauri, ta ƙara betayin, ta kawo ruwan alobera, ta ɗiga gilisarin da zuma don gashi ya yi laushi. Kowannensu da amfaninsa a kwalba, amma a dunƙule masifa ne, musamman gilisarin da ke jawo danshi daga iska. Duk abin da ke ruwa-ruwa, a haɗe, kada ya wuce kashi 15. Man kwakwa ma ba ya tsayawa a madadin man koko a nan: digiri 24 ke narkar da shi, man koko kuwa sai wajen 34, setil alkohol wajen 49. In kuma dunƙulen yana marmashewa maimakon caɓewa, akasin haka ne ya faru: maɗaurin ya yi kaɗan ko an bari ya huce kafin a danna. Wannan yana gyaruwa, a mayar da shi kan ruwan zafi da giram 2 ko 3 na setil alkohol. Sauƙin gyara ɗaya ne daga falalarsa, domin sabulun soda da aka kuskure awonsa ba ya dawowa da araha haka.

To wanne? In tauri kaɗai ake nema, duka biyun suna kaiwa, kuma sabulun soda da ya nuna sosai ba ya jin kunya a gaban kowa. Kayansa sun fi sauƙin samu. Amma shamfu don gashi ake yin sa, kuma a nan SCI ya yi gaba. Ma'aunin pH (awon da ke nuna ko abu ya karkata ga tsami ko ga kaifi irin na soda) na fatar kai yana wajen 5.5, na sabulu kuwa 9 zuwa 10 ne, yana buɗe ɓawon gashi ya bar shi da kaushi, abin ya fi muni ga gashin da aka rina ko aka sa wa man miƙarwa. A ruwa mai zartsi kuma sabulu yana haɗuwa da ma'adinan ruwan ya bar farin dauɗa mai danƙo a gashi, sai an bi da ɗauraya ta babban cokali ɗaya na khal (binega) a kofin ruwa. Dunƙulen SCI yana zama tsakanin 5 da 6, kuma zartsi ba ya hana shi kumfa. Ki gwada da kanki: giram 1 a cikin tataccen ruwa giram 9, ki tsoma takardar gwajin pH.

Akwai dabarar da ke yawo ta zuba sitirik asid ko ruwan lemon tsami a cikin sabulu wai don a sauko da pH ɗinsa. Ba ta aiki. Asid ɗin soda yake cinyewa, kowane giram ɗaya na sitirik yana kashe sama da rabin giram na soda, sai rarar mai ta ƙaru, sabulun ya fito da laushi, pH kuma yana nan kusa da inda yake. In an matsa har ya sauko, to ya daina zama sabulu, ya koma maiƙo.

Kafin ki taɓa haɗinki ma, ki duba inda kike ajiye shi. Dunƙulen da ya kwana a cikin ruwan da ya taru a faranti, ko ƙarƙashin shaya mai ɗiga, zai caɓe ko da wane irin awo aka yi shi. Faranti mai ramuka wanda iska ke ratsa ƙasansa, nesa da inda ruwa ke fantsama, kuma kada a rufe shi a gwangwani sai ya bushe ƙarau. Ki yi su ƙanana, giram 50 zuwa 60, ki riƙa amfani da biyu bi-da-bi. In wanda ba ki taɓa jiƙawa ba yana da tauri, laifin na faranti ne. In shi ma yatsa na shiga, ki lissafa duk abin da kika zuba mai ruwa-ruwa, ki turo mana awon a giram.