Na gwada fim din silaid a unguwar Nima ta Accra, ga yadda ya tsaya gaban dijital

Jama'a masu harkar hoto, kun dade kuna tambayana yaya Ektachrome E100 din nan da na sa aka kawo min daga waje, to ga abinda na gani. Kodak sun daina yinsa a 2012 sai suka dawo da shi a 2018, hoto 36 ne a nadi daya, kuma silaid ne, wato in an wanke hoton kansa zaka gani a jikin fim da kalarsa, babu juyawa irin ta negatif. Na sa shi a tsohuwar kyamara ta 35mm na rataya dijital dina a daya kafadar, duk abinda na dauka da wannan sai in maimaita da wancan.

In ka daga silaid din ka haska shi ta baya ka kalla da gilashin kara girma, wallahi ban taba ganin kala haka a fuskar waya ko kwamfuta ba. Na dauki masu waakye, wato shinkafa da wake, da sassafe a bakin titin Nima, ja da koren atamfarsu da tururin tukunya, komai da zurfi kamar ka mika hannu ka taba. Shudin sama ma ya fito tas. Kuma fatarmu ta fito yadda take, abinda yasa na zabe shi kenan na bar Velvia 50, silaid din kamfanin Fuji, shi Velvia kala yake karawa sosai, yana kyau da daji da teku amma fuska sai ta yi ja.

Matsalar tana wajen rana. Silaid matakin haske biyar zuwa shida kawai yake iya rikewa tsakanin wuri mafi duhu da mafi haske, kyamarorin dijital na yanzu kuwa suna wuce goma sha biyu. To ka tuna yadda muke ranar Juma'a ko ranar Sallah, farar shadda kal, fuska baka, rana tsaka a ka. Na gwada a harabar babban masallacin kasa na Kanda bayan an idar, in na auna hasken a fuska sai rigar ta kone fari fat babu ko zaren aiki, in na auna a riga sai fuskar ta nutse, kuma abinda ya kone a silaid ya tafi kenan ba gyara. Na dijital kuwa na dauka a RAW, wato danyen hoton da kyamara bata sarrafa ba, na dan ja inuwar sama a kwamfuta, ga fuska ga aikin wuyan riga duka sun fito. Wannan kadai ya ishi mai daukar biki ko suna ya san inda zai tsaya.

Sai sikanin, wato shigar da hoton fim cikin kwamfuta, inda raina ya fi baci. Sikana mai fadi irin ta takarda na fara da ita, lambar dpi, wato yawan digon hoto a inci daya, da aka rubuta a kwali babba ce amma hoton ya fito da laushi, wuraren duhu kuma duk dabbare-dabbare saboda haskenta baya ratsa bakin silaid sosai. Da na samu wadda aka yi musamman don fim, a dpi 4000, abin ya gyaru, fim na milimita 24 da 36 yana bada wajen megafiksel 21. Lissafi kenan. A ido kuwa dijital mai megafiksel 24 ya fi shi kaifi da tsafta, ba tantama, kuma wannan kyallin da na gani a jikin fim rabinsa baya biyowa cikin kwamfuta. Ga kura, musamman lokacin hunturu, ka hure ka goge ka sa sai ka ga wata ta sauka. Sa'a daya ita ce goge kura na infrared, wanda sikanar fim ke yi da kanta, yana aiki a kan irin wannan fim din.

Wanki ma ba wasa bane, E-6 ake ce masa, ruwan farko dole ya tsaya a digiri 38, in ya kauce kala ta kauce. Ni aikawa nayi waje ta hannun wani dan uwa, na roke shi kada ya bari a sa fim din a sabon injin CT na filin jirgi tunda yana bata fim din da ba a wanke ba. Ajiya kuma sai firij, in dumsor, wato dauke wuta, ya zo hankalinka na can, bayan wanki kuma danshin Accra yana sa silaid yin fumfuna in ba ka sa shi a akwati da silika mai shanye danshi ba.

Nawa ra'ayin, aikin kudi dijital zan rike, ba zan yi caca da auren diyar mutane ba. Amma zan sake sayen Ektachrome, in ajiye shi don safiya da bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Wanda zai gwada ya auna haske a wuri mafi haske, ya nemi inuwa in zai dauki mutum, kuma ya tanadi kudin sikana mai kyau tun kafin ya sayi fim din.