Na samo faifan garmaho na Smoke on the Water bugun 1973, ga abin da na gani

To jama'a, faifan nan da na yi oda ta intanet ya iso, wato ƙaramin faifan garmaho mai inci 7 na Deep Purple, ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, mai ɗauke da waƙarsu Smoke on the Water, bugun Warner Bros na Amurka na 1973. Mai sayarwar ya rubuta wai "kamar sabo" ne, hmm, Allah ya kyauta. Rigar takardar duk ta yage a gefe, ga wani ƙarci siriri kusa da baki wanda in allura ta hau sai ka ji tas tas tas sau biyar shida kafin jitar ta shigo. Sannan ramin tsakiyarsa irin ƙaton nan ne na faifan Amurka, sai da na nemo 'yar robar da ake cusawa kafin ya zauna daidai kan na'ura. Amma da ya fara juyawa wallahi na manta da haushin.

Sautin akwai kauri, ba wasa. Blackmore, mai jitar ƙungiyar, ya fara kiɗan nan da duk wanda ya taɓa riƙe jita ya gwada, kuma yawancin masu koyo kuskure suke yi, shi da yatsu yake fizgar tsirkiya biyu lokaci ɗaya, shi ya sa nasa ya fi tsabta. Sai ogan ɗin Jon Lord ya biyo shi a gindi yana gurnani saboda ta amfilifayar Marshall yake fitar da shi, sai gangar Ian Paice, sai bas ɗin Roger Glover, kowa na shigowa ɗaya bayan ɗaya, a faifan nan kana jin su a rarrabe tsaf.

Abin da ke ba ni dariya da waƙar nan shi ne masu ita ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Disambar 1971 suka je Montreux a Suwizalan da motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones, niyyarsu su ɗauki albam ɗinsu Machine Head a gidan cacan garin, ana gobe za su fara, ranar 4 ga wata, mawaƙin Amurka Frank Zappa yana wasa a gidan cacan sai wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi sama rufi ya kama, gini ya ƙone ƙurmus, Claude Nobs mai shirya wasannin garin har da shi aka riƙa janyo mutane waje. Su kuma suka zauna suna kallon hayaƙi yana kwanciya a kan tafkin Geneva, daga nan Glover ya samo sunan waƙar, wato hayaƙi a kan ruwa. Suka koma wani ɗakin wasa da ake kira Pavilion, can aka ɗauki kiɗan waƙar, maƙwabta suka kira 'yan sanda saboda ƙara, a ƙarshe dai a hanyar tsakanin ɗakunan otal ɗin Grand Hotel da ba kowa a ciki suka ƙarasa albam ɗin, da katifu a jikin bango. Baitukan Ian Gillan, mai rera waƙar, labarin nan ne kawai tiryan-tiryan, ba soyayya ba wani azanci.

Da Machine Head ya fito a Maris 1972, wata waƙar cikinsa, Never Before, suka tura gaba suna ganin ita ce za ta ci kasuwa, ba ta yi wani abin kirki ba. Albam ɗin dai ya kai lamba 1 a Birtaniya. Ita Smoke sai da ta shekara da 'yan watanni, gidajen rediyon Amurka suna ta sakawa, ga albam ɗinsu na kan dandamali, Made in Japan, da aka ɗauka a Osaka da Tokyo a Agustan 1972 ya ƙara mata farin jini, sannan kamfani ya farga ya fitar da ita ita kaɗai a Mayun 1973, ta haura har lamba 4 a Billboard Hot 100, jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka. Ikon Allah, tana cikin tashe Gillan da Glover suka bar ƙungiyar a ƙarshen Yuni. A Birtaniya kuwa, ƙasarsu, sai 1977 ta shiga jeri, ta tsaya a 21.

Yanzu inda faifan ya ɓata min rai. Ta albam minti 5 da daƙiƙa 40 ce, wannan an datse ta ba ta kai minti huɗu ba don rediyo, kuma in kunnenka ya saba da cikakkiyar za ka ji kamar an ɗauke maka kwano kana tsakiyar ci. Bayan faifan ta kan dandamali ce daga Japan, ita ma an yi mata aski, amma ni na fi juya wannan gefen, ihun 'yan kallo da yadda Lord da Blackmore ke tsokanar juna ya fi motsa ni.

In saurare kake so ka nemi Machine Head gaba ɗaya ka huta. Wannan na masu tara kayan tarihi ne irina, kuma don Allah ka ce mai sayarwa ya turo hoton faifan a ƙarƙashin haske kafin ka biya, ni ban yi ba. Taurari huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan ƙarcin nan ya cinye.